Keken Ɗinkina da Motar Martina

Sabon Gari, Kano
6 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga Yayata Biriskila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Albert da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaya mata daddawar ta iso, ko da yake wanda ya kawo ya ce tun daga Zariya mutanen jirgi ke hararar sa. Mu ma muna nan, da godiya.

Kin ce in rubuto miki gaskiya, kin gaji da wasiƙun lafiya lau. To, ga ta. Yaya, an ƙwace mini keken ɗinki, kuma ba ɓarawo ba ne, maigidana Malam Zakka ne da kansa. Ya kwance kan keken, ya naɗe shi a tsumma, ya tura ƙarƙashin gado. Ya bar matakin da bel ɗin, ya ɗora wani ɗan inji da ya harhaɗa a kai. In ya taka, sai injin ya riƙa juya guntun ƙarfe, shi kuma ya kara masa wata 'yar wuƙa yana ferewa kamar yadda muke fere rogo. Ɓawon da ke zubowa siriri ne kamar gashi, kuma babu inda bai shiga ba, daga tabarma har tafin ƙafata. Shekaranjiya a cikin miyar kuka na tsamo ɗaya.

Wai mota yake ƙerawa. Ba irin ta kara da yara ke ja da igiya ba. Tsawonta bai wuce takalminsa ba, amma wai da injinta na gaske, mai shan mai, mai hayaƙi. Da ya taso daga aikinsa na loko, wurin gyaran jirgin ƙasa, ko wanka ba ya yi, sai ya hau matakin nan. Akwai wani abu da yake kira fistan, bai kai ƙwayar gurjiya ba. Ya fere, ya goga da magagari, ya ɗaga wa haske, ya jefar, ya soma sabo. Ni ce mai shara, har na kusa cika gwangwanin madara da su.

Ranar Asabar na nemi tsohon rishona na tagulla na rasa. Ashe ya kai shi Fagge wurin wani maƙeri, Malam Ari, a narkar a zuba masa gidan inji. Na yafa mayafi na bi sawu a fusace, na tarar aikin gama ya gama. Dattijon ya ajiye zugazuginsa, ya sa aka ba ni ruwa, ya ce in yi haƙuri da mijina, kowa da inda yake kai kukansa, wani masallaci, wani coci, wani maƙera. Na juyo na dawo gida.

Amma ni ina zan kai nawa? Tun da muka binne 'yarmu Martina kafin Kirsimeti, maganar da ta haɗa ni da mutumin nan ba ta wuce sannu da na ƙoshi ba. Ɗinkin da nake ɗebe kewa da shi ma ya raba ni da shi. Zama ya gagare ni, in shiga ɗaki, in fito, in sake shiga. Na fara tunanin dawowa gida Wusasa. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Liya

Sabon Gari, Kano
13 ga Maris, 1955

Yaya Biriskila,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, da ta Inna, da ta yara. Wasiƙarki ta same ni. Na ji kin ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Yaya, nawa dutsen ko ɗumi bai yi ba, itace kuma ya kusa ƙarewa.

Kin tambaya me ya haɗa babban mutum da motar wasa. Ban so faɗa ba, amma ga shi. Bara da kaka muna dawowa daga tasha, Martina ta tsaya a bakin kantin wani Kwara ɗan Lebanon, ta ga 'yar mota ta gwangwani wadda ake murɗa wa makulli. Mai kantin ya murɗa mata, motar ta ɗan yi gudu ta tsaya. Kin san bakin yarinyar nan. Ta taɓe baki ta ce wannan ragguwa ce, ita tana son mai tafiya da kanta irin ta manya, kuma Babanta ya fi duk Turawa iya ƙarfe. Babanta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗora ta a wuya, ya ce ya yi alkawari. Ba a jima ba baƙon dauro ya shigo unguwarmu, ya tafi da ita.

Yanzu ya haɗa injin. Duka-duka bai fi ƙwan zabo ba. Man da yake sha kuwa haɗi ne: kananzir, da man zurma, da wani ruwa da yake samowa a kantin maganin Innocent, irin wanda ake shaƙa wa mutum a asibiti ya yi barci. Da ya buɗe kwalbar sai ɗakin ya koma warin asibitin da muka kwana da Martina, ni kuwa sai in fice tsakar gida. Sai ya naɗa zare a wata 'yar ƙafa ya fizga. Injin ya yi tuf-tuf, ya yi shiru. Sai in ji ya ce, “Ya mutu.” Ya sake naɗawa, ya sake fizga, ya sake cewa ya mutu. Yaya, kalmar da ya kasa faɗa a kan 'yarsa, ita yake maimaitawa a kan ƙarfe daga la'asar har magariba, ni kuma kowace ɗaya a ƙirjina take sauka. Sunan yarinyar ma bai ƙara fitowa daga bakinsa ba.

Coci kuwa ya daina zuwa. Katikis Nehemiya ya zo, ya zauna, ya karanta Zabura, mutumin naki bai ɗauke ƙafa daga mataki ba. Tsofaffin matan zumunta kullum sai sun tare ni suna tambayar Malam Zakka, sun ce suna sa shi a addu'a. Maƙwabciyata Nkechi, wadda a da in ta kwaɗa “Mama Martina” har bakin titi ana ji, yanzu Madam take ce mini, a hankali, kamar mai tsoron fasa ƙwai. Na san tausayi ne, amma na fi son sunana na da.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ina da juna biyu, tun kafin rasuwar. Nkechi ta gane, mai kawo mana ruwa ya gane, har Malam Ari da ya gan ni sau ɗaya ya aiko mini da tsamiya. Shi kuwa, mutumin da ke hango ƙarin da bai kai silin gashi ba a jikin ƙarfe, bai ga matarsa ta sake ɗaurin zane ba. Na rantse ba zan gaya masa ba. In yana da ido ya gani.

Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba. Ki yi mana addu'a.

Taki,
Liya

Sabon Gari, Kano
3 ga Afrilu, 1955

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni, wannan gajeriya ce.

Na yanke shawara. Zan shigo jirgin Litinin, washegarin Ista. Ki roƙi Malam Albert ya tarye ni a tashar Zariya, kuma yanzu kina iya gaya wa Inna ta share mini ɗaki. Ba zan haifi ɗa a gidan da ba a jin komai sai ya mutu, ya mutu ba.

Jiya na jawo akwatina a gabansa na soma shirya kaya. Na ciro kan kekena daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe, na faɗa masa ranar tafiyata. Ƙafarsa ta tsaya a kan mataki. Na ce a raina yau dai zai buɗe baki. Ya dubi akwatin, ya dube ni, sai ya sunkuya ya ci gaba da takawa, har ya fi da sauri. Yanzu wani sabon fistan yake gogawa da toka da mai, ya zura a raminsa, ya zare, ya sake gogawa. Wai in ya yi sako-sako ba ya riƙe iska, in ya matse kuma ba ya motsi. Wannan ma ba ni ya gaya wa ba, Malam Ari yake wa bayani da ya leƙo, na ji daga madafa.

Zafi ya sauko, ga nauyin jiki. Jiya da hantsi na tsinci kaina a tasha ba tare da wani dalili ba, na tsaya har jirgin Zariya ya tashi, na dawo a ƙasa.

Sai na zo.

Liya

Sabon Gari, Kano
11 ga Afrilu, 1955

Yayata abar ƙauna,

Barkanmu da Ista. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Ki ba Malam Albert haƙuri, na san zai tsaya a tasha yana leƙa taragu, sai ga takarda ta sauka a madadina. Na ba Obinna, wani abokin maigidan da ke aiki a jirgin, ya miƙa masa hannu da hannu.

Jiya na tafi sujadar Hausa ni kaɗai, na bar shi a tsugune da zarensa. Akwatina na ɗaure a bakin ƙofa. Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba, ina ta tunanin abin da na manta ban sa a kaya ba. Aka tashi, muka fito harabar coci, ana ta gaisawa. Sai ga mutum ya shigo a guje, ba takalmi, daga shi sai singileti duk baƙin mai. Kafin in gane shi na ji muryarsa, da ƙarfin da ban ji ba tun bara: “Ya tashi! Liya, ya tashi!”

Yaya, kin san ranar da ake ciki. Jama'ar nan gaba ɗaya suka juyo suka amsa da murya ɗaya, “Hakika ya tashi!” Tsofaffin matan zumunta suka ɓarke da guɗa, wata ta durƙusa tana kuka tana cewa an amsa addu'arsu. Katikis Nehemiya ya rungume shi da farar rigarsa, mai ya ɓata ta har kafaɗa. Shi kuwa bawan Allah ya tsaya yana rarraba ido, yana so ya yi bayani, an riga an ja waƙa. A duk wurin ni kaɗai na san inji yake nufi. Dariya ta kama ni har sai da na dafa bango, dariyar da na manta ina da ita.

Ya kama hannuna a gaban kowa, ko kunya babu, ya ja ni gida. Ya ajiye motar a tsakar gida, ya naɗa zare, ya fizga. Ta yi wata ƙara kamar zuma ta shiga tulu, ta tsinke da gudu, kaji suka watse, Nkechi ta fito da ludayi a hannu tana ihu. Motar ta ratsa tsakar gidan nan, ta bugi turmin Nkechi, ta kife. Injin ya yi shiru.

Na runtse ido ina jiran kalmar nan tasa. Ba ta zo ba. Ya je ya ɗauki motar, ya share mata ƙasa da singiletinsa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, “Liya, Martina ta rasu.” Ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Na zauna kusa da shi, Nkechi ta kora 'yan kallo ta rufe ƙofar gida.

Da ya samu kansa, ya ce ya san da cikin tun ranar da na daina shan kunun gyaɗa. Ya ce alkawari kaya ne, ya kasa ɗaga ido ya yi wa mai zuwa maraba alhali alkawarin Martina yana kansa bai sauke ba. Da ya ga akwatina kuma, sai ya ga in bai gama kafin Litinin ba, ya rasa mu duka. Na ce masa ai baki aka ba shi, ba magagari kaɗai ba, da ya faɗa tun tuni. Ya ce gaskiya ne. Ban gama huce haushina ba, Yaya, amma na kwance akwatin.

Yau da sassafe ya mayar mini da kan kekena. Bel ɗin ya saki saboda wahalar da ya sha, ya yi alkawarin sabo, na ce ya rufa mini asiri da alkawari haka nan. In Inna tana da ragowar farin yadin nan mai laushi, ta aiko mini, zan soma ɗinka 'yan riguna.

Da yamma za mu kai motar maƙabarta ya tayar da ita sau ɗaya a can, sannan mu ajiye wa ƙaninta ko ƙanwarta. Matan zumunta sun aiko da abinci, suna ta murna wai Malam Zakka ya dawo hanya. Ban gaya musu gaskiyar maganar ba. Ni kaina ban tabbata sun yi kuskure ba.

Ki gaishe mini da mutanen gida. Ki ce wa Inna ta bar ɗakin haka nan, sai lokacin wankan jego.

Ƙanwarki,
Liya, Maman Martina