Jar Akuyar Iya Kyauta

Minna, 1985

Daga Babban Likitan Dabbobi na dukkan Jihar Neja, zuwa ga Iya Kyauta, Kagara.

Bayan gaisuwa irin ta manya, da fatan kina lafiya, ke da tsufa. Ni ne Dakta Ndaliman Tsado, wanda ya yi karatun akuya zalla a ƙasar Turawa har gashin kansa ya zube.

Labari ya iso teburina cewa jar akuyar da 'yarki marigayiya Lailatu ta bari ta sake yin ɓari, har kin ce ba ta da albarka, za ki miƙa wa mahauci ranar kasuwa. To, ofishina ya hana. Akuya ba ta da laifi. Ki je ki duƙa ki leƙa bunsurun maƙwabcinki Alhassan ta baya, za ki ga marainansa sun kumbura, ɗaya ya fi ɗaya. Shi ke raba wa awakin unguwa ciwo.

Ki ɗaure ta a turke, kada ya ƙara ko shinshina ta. In ta huta, a nemo mata lafiyayye. Duk akuyar da ta yi ɓari, a binne ɗan da mabiyiyar da zurfi, ban da taɓawa da hannu. Dusa da kanwa kuma ki daina rowa, ana gaya mana komai.

Wassalam.

Kagara

Ranka ya daɗe, Likita. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali. Na gode da ka rubuto da ajami, Malam Maiwada ya karanta mini ba sai an nemo ɗan boko ba. Sau uku na sa ya maimaita a ƙofar gida, don mata su san wa gwamnati ke rubuta wa takarda a unguwar nan.

Na je na leƙa. Alhassan ya same ni durƙushe a bayan bunsurunsa, ya ce, "Iya, lafiya? Ko kin yar da goro ne?" Na ce, "Aikin gwamnati nake yi, matsa." Wallahi yadda ka faɗa haka na gani. Ya yi ta kumfar baki wai bunsurunsa ya fi na kowa ƙarfi, na ce ya je Minna ya gaya maka.

Mahauci ya zo da igiyarsa, na kore shi. Da ma jikana Ɗanladi, ɗan Lailatu, mai dakon harawa a kara, kasuwar dabbobin Minna, ya taɓa ce mini kada in sayar. Amma wa ke jin maganar wanda ya taɓa ɗinke mini bakin aljihu ina barci? Maganar rowa kuwa, duk wanda ya kai maka ya yi ƙarya.

Allah ya ƙara girma. Kyauta.

Kagara

Ranka ya daɗe, albishirinka! Tagwaye, mace da namiji, duk a tsaye suna tsotso. Wani lafiyayyen bunsuru daga garin Garatu aka kawo mata bayan damina, na yi ta duba cikin nan kullum kamar nawa. Da ta haihu na tuna Lailatu, na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Alhassan ya rabu da nasa. Maƙwabtana Talatu da Saudatu ma awakinsu sun riƙe ciki. Namijin cikin tagwayen na sa masa suna Dakta, kuma naka ne, a gaban kowa na faɗa. Mun yi shatar mota, ni da su da Alhassan, Litinin mai zuwa za mu zo ofishinka da shi, mu yi godiya a gaban ma'aikatanka. Na riga na ɗinka sabon zane.

Sai mun zo. Kyauta.

Dutsen Kura, Minna

Kaka, amaryata, ina gaisuwa. Don Allah kada ku dosi wani ofis. Ba wani Dakta Ndaliman. Direban da ke karɓar takardunki abokina ne, hannuna yake kawo su.

Maganar magani gaskiya ce. Malam Gabriel, ma'aikacin dabbobin da ke zuwa duba shanu a kara, shi na tsare na kwatanta masa komai, ya yi mini bayani. Gashin da ya zube ne kawai nawa.

Ku sauka a Dutsen Kura, zanen ba zai yi asara ba, zan kai ku ku gode wa Malam Gabriel. Ki taho da sandarki, na san na ci duka. Amma ki faɗi tsakaninki da Allah: da sunana kika ji a kan takardar, yau fatar akuyar Inna ba tana wajen majema ba?

Ɗan bunsurun kuma kin riga kin ce nawa ne, a gaban shaidu.

Mijinki, Ɗanladi.