Baƙon da Ya Juya wa Kaka Fuska

Tsushima, cikin watan Nuwamba

Zuwa ga Gwaggona Tokiko,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Noboru da duk mutanen gidanku a Osaka. Mama ta ce ciwon gwiwarki ya tashi da shigowar sanyi. Jiya da na kunna turare a gaban hoton marigayiya Kaka Sumie na roƙa miki sauƙi, kuma da zuciya ɗaya na roƙa, duk da na san kina fushi da ni. Mu nan lafiya lau. Kamun ika, kifin tekun nan mai hannaye da yawa, ya yi kyau bana, Baba kusan kullum yana teku. Kaka Genzo yana nan yadda kika san shi, ya yi faɗa da rediyo, ya juyo ya yi da kyanwa. Lemun lambu ya nuna, Mama ta ware miki kwali guda.

Gwaggo, ranar da kika kira waya na ji duk abin da kika faɗa wa Mama, don muryarki har madafa take kaiwa. Kin ce na zubar wa gidanmu mutunci. Kin ce in je in sunkuya wa Baba Nagatome, shugaban ƙungiyar unguwa, in ba shi haƙuri, in mayar da allon da na cire, sannan a tattara littattafan soyayyata a kai wa masu kwasar takardu. Da Mama ta miƙo mini wayar ban iya cewa komai ba sai to, to. Wannan to ɗin ba na yarda ba ne. Kin san ni tun ina goye, in babba na magana harshena naɗewa yake. A takarda kuwa ba ya naɗewa, shi ya sa na zauna rubutu. Ba zan mayar da allon ba. Amma kafin ki yage takardar, ki ji yadda aka yi, don matar Baba Nagatome rabi ta ba ki.

Ba na musun abin da ake kuka da shi. Tun bazara wasu baƙin Koriya da jirgin Busan ke saukewa suna yar da guntun taba a matakalar wurin bauta, wasu suna waƙa da ƙarfi a hanya. Ni da hannuna na share. Shi ne Baba Nagatome ya sa aka sassaƙo alluna, aka rubuta cewa masauki na 'yan ƙasa ne kaɗai, ya bi gida gida yana rabawa. Da ya kawo namu, Kaka ya ce masa shi dokar masaukinsa ɗaya ce, duk wanda ya tuɓe takalmi a ƙofa ya sami wurin kwana. Allon ya daɗe jingine a bayan ma'ajiyar takalma, gizo-gizo har ya yi masa saƙa.

Sai ga wani ɗan Koriya daga Busan mai suna Ryu Man-sik ya kama ɗaki. Kada ki yi mini dariya, amma tun da na ga sunan na ƙera shi a raina: dogo, mai doguwar riga, mai idon da ya ga wahala, irin wanda ke saukowa daga jirgi a shafin farko na littafi. Har gashi na wanke. Da na buɗe ƙofa sai na ga wani gajere mai sanƙo, ya haura hamsin, sanye da rigar masunta mai aljihu ko ta ina, yana haki, ga wata 'yar tsohuwa goye a bayansa da hula ja. Uwarsa ce. Ya rubuta a wayarsa mai fassara cewa tun tana yarinya take hango tsibirinmu daga can in gari ya washe, kamar inuwa a kan ruwa, ta ce sai ta taka shi kafin ta mutu, ƙafafun kuwa sun riga sun ƙi. Tun daga tashar jirgi ya goyo ta.

Kaka da ya ga goyon nan sai mutumin ya kwanta masa a rai. Lokacin cin abincin yamma ya ɗauko kwalbar giyar shinkafar nan da ko Baba ba ya ba, ya zuba masa da kansa. Ryu ya karɓa da hannu biyu. Sai ya karkace, ya juya fuskarsa bango, ya kare bakinsa da tafi, ya shanye. Na ga kunnen Kaka ya yi ja. Ya ƙara zuba masa don ya tabbatar, mutumin ya ƙara juyawa. Kaka ya ajiye kwalba ya tashi. A madafa ya ce wa Mama wai a gidansa, a kan tabarmarsa, da giyarsa, mutum ya kasa kallon fuskarsa kamar wanda aka ɗura wa magani? Wai ashe Nagatome ya fi shi sanin mutane, har yanzu ƙinmu na cikin ransu. Da safe suna fita zuwa tashar jirgi ya ɗauko guduma ya kafa allon da kansa.

Ni kuwa na san ba haka ba ne, kuma a littattafan da kike kira shirme na sani. A na Koriya da ake fassarawa, duk sa'ad da saurayi ya je gaban uban yarinya aka zuba masa, haka yake yi, ya karɓa da hannu biyu ya juya gefe, domin a wurinsu ƙarami ba ya sha yana fuskantar babba. Wurin nan ma na fi so a kowane littafi, sai in karanta in koma in sake. Na tattaro duk ƙarfin halina na faɗa wa Kaka yana kan buga ƙusa. Ya ce wato yanzu a littafin da ake rungume-rungume a bangonsa za mu koyi ladabi? Baba Nagatome, da ya tsallako daga shagonsa don ya ga an kafa allo, ya ce a rabu da 'yar littafi, miji take nema mana daga tsallaken ruwa, sai dai wannan da ta samo ba shi da gashi. Suka yi dariya. Na shige ɗaki na ja bargo har lokacin tafiya makaranta, kin san halina.

Da rana iska ta taso, ruwa ya kece, aka fasa tashin jirgi. Ina dawowa daga makaranta na hango su a ƙofarmu. Ya goyo ta, ita ce ke riƙe musu laima, shi kuma ya ɗaga waya yana haska allon don ta fassara masa. Daga baya na ji ya riga ya zaga sauran gidajen, ko allo ko ɗaki ya cika, ya dawo inda yake ganin an karɓe shi jiya da fara'a. Ya karanta. Bai buga ƙofa ba. Ya ɗan sunkuya wa ƙofar, da uwarsa a baya, ya juya zai tafi. Gwaggo, ina zai kai ta cikin ruwan nan? Ban san lokacin da na yar da jakata ba. Na kama allon da hannu biyu na fizge, ƙusa ta yanke ni a tafi, na tura ƙofa na jera musu silifas. Baba Nagatome ya ɗaga murya daga shago wai da izinin wa. Da murya kamar ta ɓera na ce masa gidanmu ne. Iyakar abin da na faɗa ke nan. In an ce miki na zage shi, ƙari aka yi.

Kaka ya ce wadda ta shigo da su ita za ta yi musu hidima, shi ba zai zauna ba. Sai dai yana wucewa tsohuwar ta cafko hannun rigarsa, ta sa ɗanta ya tambayi shekarunsa. Da ta ji sai ta tuntsire da dariya, ta ce ashe yaro ne, ranar da aka haife shi ita har ta iya wanke shinkafa, ya zauna, ƙanenta. Kin taɓa jin an kira Kaka yaro? Mamaki ne ya zaunar da shi. Baba ma yana gida, iska ta hana fita. Ni kuma na yi abin da na yi ta shiryawa a raina tun ina yanka kabeji. Na ɗauko kwalba, ban ba Kaka ba, na ajiye a gaban tsohuwar, na nuna mata ɗanta. Ta zuba masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya mata fuska, ya kare baki, ya sha, daidai yadda ya yi wa Kaka. Ita da ya goyo tun daga tashar jirgi, ita da yanzun nan ya gama cire wa ƙayar kifi yana ɗora mata tsokar a kan shinkafa.

Kaka ya daɗe yana kallo. Can ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, in tambaye shi a wayar me ya sa. Amsar ta fito cewa ta yaya zai sha yana kallon idon wanda ya girme shi? Da na rubuta masa yadda Kaka ya ɗauki abin, sanƙonsa har ya yi ja, ya kifa goshi a tabarma. Uwar ta ɗaka masa tafi a ka, ta ce ƙaton banza, an zo gidan mutane ba a tambayi yadda suke yi ba. Sannan ta ce ai ita ma tana da nata. Jiya da ta ga mun ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki gaba ɗayanmu, ta raɗa wa ɗanta ko mutanen nan gudu za su yi ne, don ita da duka ta hana shi wannan yana yaro. Mama ta yi dariya har ta share hawaye da gefen riga.

Sai tsohuwar ta jawo kwalba ta zuba wa Kaka. Kaka ya riƙe ƙoƙon da hannu biyu, ya dube shi, ya dube ta. Kin san wuyansa bai juyuwa tun faɗuwar da ya yi a jirgi. Sai ya motsa jikinsa duka, a hankali, har ya fuskanci bango, ya kare baki, ya sha. Baba ya tashi ya fita wai zai duba igiyar jirgi, muna jin dariyarsa a tsakar gida.

Washegari gari ya washe, Baba ya kai su kan tudu a mota kafin jirgi ya tashi, na bi su. Aka hango Busan can nesa, dishi-dishi. Tsohuwar ta daɗe tana kallo, ta ce duk rayuwarta ta ɗauka mu ne inuwa, ashe daga nan su ne.

Ba zan ɓoye miki ba, abin bai tafi a banza ba. Matar Baba Nagatome ta daina amsa gaisuwar Mama, an kuma cire Mama daga cikin masu girkin bikin unguwa, abin da take yi tun zuwanta gidan nan. Wannan yana cina, na kuma ba Mama haƙuri, ta ce in je in yi karatuna. Baba Nagatome kuwa kullum da safe ina sunkuya masa in gaishe shi, ya amsa ko kada ya amsa, domin ya girme ni. Amma ba zan sunkuya masa a kan allon ba. Ki duba, Gwaggo, da jirgin nan ya tashi, da Kaka ya shiga kabari yana ganin an ci mutuncinsa, shi kuma Ryu ya koma yana ba jikokinsa labarin gidan da ya yi masa fara'a da yamma ya kafa masa allo da safe. Kowanne da shaidarsa ta ido, kowanne kuma ya yi kuskure. Ba a gyara irin wannan daga nesa, sai mutum ya zauna a tabarmarka sau biyu. In muka rufe ƙofa, wa zai zauna? Busan ta fi Osaka kusa da ƙofarmu, amma kaf gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa. Littattafaina kuma suna nan a kan kanta, ba inda za su.

Kaka bai ce mini na kyauta ba, ba kuma zai ce ba. Amma makon jiya tsohuwar ta aiko da tulun kabeji mai yaji, da saƙon cewa a kawo mata ƙanenta in sanyi ya wuce. Ya ci yana tari yana cewa wannan ba abincin mutane ba ne, ya ƙara. Shekaranjiya ya taje 'yan gashin da suka rage masa ya tafi ɗaukar hoton fasfo, ya ce ni zan raka shi, tunda ni ce mai ilimin rungume-rungume.

Ki gaida Kawu Noboru, ki ce masa Baba ya ajiye masa busasshen ika. Ki gaida Yaya Harue da mijinta, ki shafa mini kan jaririnsu. Mama da Baba suna gaishe ki, Kaka ya ce ki rage kiran waya ki zo da ƙafarki. Ni ma ina so ki zo sabuwar shekara, zan gyara miki ɗakin da ke kallon teku. In kin zo kina son allon, yana madafa. Ranar da Baba Nagatome ya zo karɓa ya tarar Kaka ya kife shi yana feɗe kifi a kai, Kaka ya ce masa ya gode, katakon mai kyau ne. Kina iya kafa shi da hannunki in kin ga dama, sai dai ƙarni ya riga ya kama shi.

Taki 'yar ɗan'uwanki mai ƙaunarki,
Kotone