Rasuwar Ɗan Tela da Maganar Gadar da Ya Bari

Cikin alhinin da ya ɗaure mana harshe har tsawon kwana huɗu, Ƙungiyar Iyaye Mata ta Makarantar Bakin Dogo take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Mai Girma Ɗan Majalisar Dokoki mai wakiltar mazaɓarmu, tsohon Shugaban Kwamitin Ilimi, ɗa ga marigayiya Inna Tela wadda ta kafa wannan ƙungiya, mutumin da duk girman kujerarsa bai taɓa hana mu kiransa Ɗan Tela ba, wanda Allah ya karɓi ransa da hantsin ranar Talata bayan jinyar mako uku. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Mun san an yi ta tambayar dalilin shirunmu, tunda Ƙungiyar Matan Tsallake, maƙwabtanmu na ɗaya gefen layin dogo, ta fitar da tata sanarwar tun ba a dawo daga maƙabarta ba, har da hoto mai launi, ta kuma kira marigayin "ɗanmu" sau bakwai, don mun ƙirga. Ba mu hana kowa kukansa ba. Sai dai mu da mutuwar ta shigo har tsakar gidanmu, ba mu sami hannun riƙe biro a ranar ba. Mu ne muka san shi da wando mai faci, yana zaune a gindin keken ɗinkin mahaifiyarsa yana aikin makaranta. Mu ne muka ja masa kunne lokacin da ya fara bin 'yan ƙwallo yana guje wa aji. Wanda ya san mutum bayan ya sa babbar riga, ya kamata ya ɗan sassauta murya a gaban waɗanda suka ɗinka masa ta farko.

Shekara goma sha ɗaya marigayin ya yi a majalisa, kuma a littafin halartar zama sau tara kacal aka rubuta ba ya nan, uku daga ciki makon da ya binne mahaifiyarsa ne. Muna so matasan da ke ɗaukar siyasa a matsayin hanyar hutu su sake karanta wannan jimlar.

Abin da ya bambanta shi da sauran, wanda masu sanarwar gaggawa suka manta ba su ambata ba, shi ne yadda yake yanke shawarar ƙuri'arsa. Duk Asabar ɗin farkon wata yakan zo ajin 'yan shekarar ƙarshe na makarantarmu ta firamare, inda muke taro, ya cusa doguwar ƙafarsa a ƙarƙashin bencin yara, ya ciro ƙudurorin da za a kaɗa wa ƙuri'a, ya karanta mana su da Hausa sashe bayan sashe. Idan ya gama, sai a ajiye kwano biyu a kan teburin malami, fari na amincewa, kore na ƙi, a rufe su da mayafi. Kowacce mace ta ɗauki maɓalli ɗaya daga gwangwanin Inna Tela, ta zura hannu a ƙarƙashin mayafin ta saki. Mu hamsin da biyu ne, maɓallan ma hamsin da biyu. Shi da kansa yake ƙirgawa, ya rubuta a bayan takardar, ya sa a aljihu. Wani abokin aikinsa ya taɓa yi masa ba'a a zauren majalisa cewa tsofaffin mata ne ke juya shi da maɓallin riga, ya amsa da cewa gara maɓallin da ya san daga inda ya fito da ambulan da bai san wanda ya aiko ba.

Ta wannan hanya ya goyi bayan dokar hana sayar wa yara maganin tari mai sa maye ba tare da takardar likita ba, ya kuma tsaya a kanta har ta wuce, duk da cewa masu shagunan magani biyu da suka taimake shi a zaɓe sun daina gaishe shi. Ya goyi bayan ƙara wa malamai mata hutun haihuwa. Ya ƙi amincewa da soke karatun yamma, wanda da an soke shi, da rabin 'ya'yan masu aikin yini sun bar makaranta. Ya ƙi ƙudurin sauya wa 'yan majalisa motoci, su huɗu ne kawai suka ƙi. Sannan a shekararsa ta shida ya saɓa wa jam'iyyarsa a kan rushe rumfunan bakin titi kafin a ba masu su wani wuri, wannan ne ya sa aka sauke shi daga shugabancin kwamiti. Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo taro yana dariya, ya ce mana yanzu ya samu lokacin karanta ƙuduri da kyau.

Don kada a ce mun zaɓi abin da ya yi mana daɗi kawai, ni mai wannan rubutu ina shaida cewa ranar da aka kawo dokar hana bulala a makarantu, a kore na saki maɓallina, aka kayar da mu ashirin da tara da ashirin da uku, shi kuma ya je ya bi rinjaye. Har gobe ina ganin an yi kuskure, kuma duk wanda ya ga yadda yaran yanzu ke amsa wa malamansu magana hannu a aljihu zai gane nufina. Amma ya yi alkawarin bin kwano, ya kuma bi.

Sau ɗaya ya saɓa, kuma ba za mu ɓoye cewa ya yi mana ciwo ba. Lokacin da aka ware wa mazaɓarmu asibitin haihuwa guda ɗaya, aka kawo wa majalisa zaɓin inda za a gina shi, maɓalli hamsin da biyu cif suka faɗa farin kwano a kan a gina shi a gefenmu. Fili muna da shi, a bayan makaranta. Ya ƙirga, ya rubuta, ya sa a aljihu, ya je ya kaɗa wa Tsallake. A jarida muka ga hoton buɗe asibitin, shugabarsu Ungozoma tana riƙe da almakashi a gefensa, tana murmushi kamar ita ta goye shi. Fitilun titi ma da suka zo, ta can aka fara. Rijiyar burtsatse, tasu mai famfo shida, tamu mai huɗu. Da ya zo taron da ya biyo baya, babu wadda ta amsa sallamarsa da ƙarfi. Ya zauna a bencinsa ya dube ni ya ce, "Goggo Sakatariya, ku kuna da titi, mota na zuwa har ƙofa ta kai mai naƙuda babban asibiti. Su idan jirgin kaya ya tsaya ya tare mashiga, a kan ƙyauren ɗaki ake ɗauko ta." Na ce masa wannan magana ce ta wanda ya manta inda aka yanke masa cibiya. Shekara biyu ina rubuta masa takardar gayyata ba na sa "ɗanmu" a sama. Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, kuma duk zuwa sai ya tambaye ni ciwon gwiwata.

Gaskiya kuma ba ta da daɗin faɗa, amma ni na saba faɗa wa 'ya'yana ita, ba zan ɓoye wa jama'a ba. Shekara uku da suka wuce naƙuda ta kama autata da rana tsaka, jini ya ɓalle, babban asibiti kuma tafiyar awa guda ce. Asibitin Tsallake aka nufa da ita, ga shi muna hango rufinsa, amma jirgin kaya ya tsaya ya tare mashiga kamar yadda ya saba, wani lokaci har awa uku. Ta tsakanin taragu biyu maza huɗu suka miƙa ta. Ungozoma ce ta karɓe ta, ita ta karɓi jikana. Na gode mata a ranar, ina kuma sake gode mata a nan, ko da yake ba sai ta riƙa ba da labarin a kowane taro ba.

Waɗannan taragu su ne maganar da marigayin ya bari ba ta ƙarasa ba. Kowace safiya yaran Tsallake fiye da ɗari suna ratsowa zuwa makarantarmu, idan jirgi ya tare hanya sai su tura jakunkuna ta ƙarƙashi su bi da rarrafe, ba wanda ya san lokacin da direba zai ja. Ƙudurin da ya gabatar na gina gadar sama ta masu tafiya a ƙafa ya wuce karatu na biyu, saura na uku, wanda aka sa nan da mako biyu. A sanarwarsu, Matan Tsallake sun kira ta "gadarmu", sun nemi a kafa ta a bakin kasuwarsu. Da muka karanta, ranmu ya ɓaci, muka zauna muka rubuta takarda mai shafi uku muna neman a kafa ta a ƙarshen layinmu, kusa da tashar mota, don a wannan karon ma kada a tsallake mu. Mun kuma samu labari daga majiya mai tushe cewa wasu a kwamitin ayyuka sun fara cewa tunda mai ƙudurin ya rasu, matan mazaɓar kuma ba su daidaita ba, gara a jingine maganar.

Jiya da la'asar muka je gaisuwa wajen maiɗakinsa, Malama, da takardarmu a jaka. Bayan addu'a ta shiga ɗaki ta fito da wata ambulan da ta samu a aljihun rigar da ya sa ranar zamansa na ƙarshe. Ta ce, "Goggo, ya ce idan Asabar ta zo bai tashi ba, ke zan ba." Zanen gadar ne, da rubutunsa a gefe. Matakala ɗaya tana sauka a ƙofar makarantarmu, ɗayar a ƙofar asibitinsu. Ba kasuwa, ba tasha. A ƙasa ya rubuta cewa kada a kai shi majalisa sai an sa shi a kwano, kuma a wannan karon a kira Matan Tsallake su ma su saki nasu.

Mun so a ce ƙafafun gadar duka biyu a gefenmu suke, amma ko mu da iliminmu bai wuce sakandare ba mun san ba a gina gada haka. Takardarmu mai shafi uku ba ta fito daga jaka ba, kuma ba za ta fito ba. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne, da ya tashi barin saƙo, ba masu hoto da almakashi ya bar wa ba.

Saboda haka ƙungiya tana kira ga Mai Girma Kakakin Majalisa, da Shugaban Masu Rinjaye, da Shugaban Kwamitin Ayyuka, da duk masu girma 'yan majalisar da muka gani a sahun gaba wajen jana'iza suna share ido, da su sani cewa ba ma buƙatar a sa wa wani zaure sunansa, ba ma buƙatar shiru na minti ɗaya. Ranar karatu na uku za mu zauna a benen 'yan kallo, za mu rubuta sunan wanda ya amince, da wanda ya ƙi, da wanda fitsari ya kama daidai lokacin ƙuri'a, za mu kuma karanta sunayen a ƙofar makaranta a gaban yaran da ke rarrafe a ƙarƙashin jirgi.

Ga Malama, da 'ya'yansa biyar, da ƙannensa, muna roƙon Allah ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, ya tsare ku daga masu zuwa da fuska biyu, ya raya abin da ya bari a kan tarbiyya. Ku yaran, ku riƙe karatu, ku riƙe salla, ku ji maganar mahaifiyarku, kada ku ɗauka sunan uba zai yi muku jarrabawa. Allah ya jiƙan Ɗan Tela, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a gidan rahama. Abin da ke tsakaninmu da shi na asibiti, ni dai na yafe, na kuma so a ce na faɗa masa yana ji.

A ƙarshe, ƙungiya tana gayyatar Ungozoma da dukkan Matan Tsallake zuwa taron Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, a ajin da aka saba. Za a ajiye kwano biyu, za a bar bencinsa babu kowa. A zo a kan lokaci, a bar mai ɗaukar hoto a gida. Kowacce ta zo da maɓallinta, don na gwangwanin Inna Tela hamsin da biyu ne, kuma duk suna da masu su.

Sa hannu:
Maman 'Yan Biyu (Goggo Sakatariya)
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya
A madadin Shugaba da dukkan mambobin Ƙungiyar Iyaye Mata ta Makarantar Bakin Dogo