Kafin Albasar Kwaɗi Ta Buɗe

Zuwa ga Hure, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, sanyin ruwan randata, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, abokiyar zamana ta shekara arba'in da bakwai. Assalamu alaikum, da gaisuwa mai nauyin damin gero.

Malam Yahya tela ne yake rubutawa, ni nake faɗa, don kin san ni da alƙalami ko gaisawa ba ma yi. Sau biyu yana ajiye biro, wai maganar ta yi wa tsoho yawa. Na ce masa rubutu na roƙa, ba shawara ba. Ke kuma Tahira, autarmu, da za ki karanta mata a gidanki na Ungogo, kada ki tsallake ko harafi. In kunya ta kama ki, ja mayafi ki ci gaba.

Hure, labari ya iske ni cewa likita ya sa ranar Alhamis zai cire miki yanar idon nan, ke kuma kin kafe, wai abin da kika gani a duniya ya ishe ki. Ke? Ke da kika tsaya da goyo a bayanki tsakanin gatarina da tsamiyar bayan gida, shekarar da na so in sare ta in ƙara faɗin gona? Ke da kika tono albasar kwaɗi daga fadama, kika ɗoro ta a ƙwarya kamar mai kai gara, mutanen gari suna dariya wai amaryar Dallatu ta shuka abin da ko akuya ba ta ci? Ban manta ba! Daga wannan ƙwaryar lambun nan ya tashi, kuma har yau masu buga bulo in sun zo taya shi da kuɗi, kallon tsamiya kawai nake barin su su yi, su koma.

To ki saurara, hasken gidana. Shekaranjiya ruwa ya sauka. Shamuwa ta dawo sheƙarta ta bara tana gyara, tana harare-harare kamar mai gidan da ya dawo daga ci-rani. Tsamiya ta fara zubo 'yan furanninta masu ruwan ɗorawa, ƙudan zuma sun cika ta da guɗa tun hantsi. Bushiyar nan ta ƙarƙashin sabara ta fito da 'ya'ya. Damo yana kan kututture yana shan rana kamar shi ya gaji wurin. Gawo kuwa, ɗan uwana a taurin kai, kowa yana sa sabuwar riga shi yana tuɓe tasa. Ita kuma albasar kwaɗinki ta tsago ƙasa, ta ɗago kai, bakinta a rufe. Na san halinta: kwana bakwai, ko takwas, za ta buɗe fara fat da jan zane a tsakiya, ta yi kwana biyu ta kwanta. Ba ta jiran kowa, Hure. Damina huɗu ke nan tana buɗewa a banza, mai ita ba ta gani!

Kina tsammanin ban gane ba? Ba wuƙar likita kike tsoro ba. Macen da ta haifi tara ba ta gudun wuƙa. Tabarmar safiya kike wa kishi. Tun da idonki ya rufe, kullum bayan kunu nake riƙo hannunki mu zauna a gindin tsamiya, ina faɗa miki wa ya zo, wa ya tafi, me ya tsiro. Kin ɗauka in ido ya buɗe, bakin tsoho zai rufe, ya saɓa fartanya ya koma wancan Dallatun da sai ya wuni bai ce miki uffan ba. Wallahi wancan mutumin ya rigaya ya mutu, ke kika binne shi a kan tabarmar nan.

Amma bari in tona wa kaina asiri. Na yi miki ƙari a labari. Shamuwa goma da na ce miki bara, uku ne. Kuregen da na ce ya gaishe ni, gudu ya yi. Ba ki so ki zo ki kama ni da hannunki? Wa zai ƙaryata ni in ba ke ba?

Saura guda, wadda ko limami bai ji ba, ga shi yau tela ya riga shi. Idona na hagu ya fara hazo. Jiya na yi wa dutse sallama, na zaci bushiya ce. Yaran yanzu ba su rarrabe kalgo da sabara, balle su san wace tsuntsuwa ce take kukan shuka. Mu biyu muka rage da sunayen nan a ka. Na zame miki ido damina huɗu, ban gaji ba, kuma ba zan gaji ba. Amma in nawa ya rufe naki yana rufe, wa zai ce mana albasar kwaɗi ta buɗe?

Na san za ki yarda, kamar yadda na san gabas. Ranar Laraba zan hau motar Ɗambatta in iso. Ni da na yi rantsuwa ƙafata ba za ta taka asibiti ba, zan ciyar da miskinai goma in shiga, in zauna a bakin ƙofa har a kwance miki ƙyallen. Fuskar da za ki fara gani ta yamutse kamar busasshiyar kuka, ki yi haƙuri da ita. Furen yana gida yana jiran ya wanke miki ido.

Tabarma tana nan a naɗe, ban shimfiɗa ta ba tun tafiyarki.

Naki tun ranar ƙwaryar nan, har ranar da za a kwantar da ni ina fuskantar alƙibla,
Dallatu.