Furen da Ya Ƙi Rufe Ido

Zuwa ga Sundus, sanyin zuciyata, inuwar dabinona, ruwan randata a ranar zafi.

Da wace fuska zan gaishe ki? Tun safe nake juya takardar nan, kunya ta hana ni farawa.

Kin tuna ranar da kika dawo daga karatu a ƙasar Wales, kika same ni a lambun renon tsirrai da nake aiki a Aƙiƙ, nan Madina, kina rungume da 'yar tukunyar furen da kika kawo in rena miki? Kika ce mutanen can suna kiran ɗan farin furen nan llygad y dydd, wato idon yini, kika yi ta bayanin asalin sunan. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar wani shehi, alhali wallahi ban ji komai ba, bakinki kawai nake kallo. Har da bugun ƙirji, wai tsiro bai taɓa mutuwa a hannun Lurwanu ba!

Renon na'ana'ar Madina na yi masa, na kai shi saman ɗaki ya sha rana. Kwana huɗu ya ƙone ƙurmus. Maimakon in faɗa miki, sai na zaga shagunan titin Sultana, na sayo mai kama da shi, na dasa a tukunyarki. Wata biyu kina yabona ina karɓa. Kaicona!

Jiya kika biyo ke da yayanki bayan magariba. Kika tsaya a kan furen, ga shi nan buɗe, ko gezau. Ba ki ce uffan ba, kika yi sallama kika tafi. Sai a lokacin na nemi bayanin da na ƙi saurara: an sa masa sunan ne don yakan buɗe da safe, ya rufe da faɗuwar rana. Nawa na jabu ko ƙiftawa ba ya yi.

Ya habibti, da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi! Wa zai iya da wannan shirun naki? Ranar Juma'a manyana za su je wurin Baba Bakri neman aurenki. Yaya zan bari dattawa su zauna gaban mahaifinki suna rantsuwa cewa ni mai amana ne?

Na ce su dakata, suna ta tambayar dalili. In kin yafe, aiko mini ko da kalma ɗaya ce. In Alhamis ta wuce ban ji daga gare ki ba, zan tara su in faɗa musu da bakina.

Naki har ƙarshen numfashi, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Lurwanu