Bindigar da Ta Fito Daga Bango

4 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Gospava,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarki da jikoki, kuma ciwon ƙugun nan ya sassauta miki tunda sanyi ya ja da baya. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah.

Bayan haka, na zaɓi takarda maimakon waya, domin ba na son ki ji muryata tana rawa. Kin san na sa magina gyaran bangon murhu a tsohon gidanmu. Ranar Talata suka zare wani dutse, sai ga ƙunshin fatar tunkiya a bayansa. Tun kafin a kwance na san abin da ke ciki. Bindigar Baba ce, libarbar nan mai ƙotar azurfa da ya gada wurin kakanmu. Kitsen da aka shafe ta da shi ya bushe, danshi ya shige ta, tsatsa ta haɗe ta wuri guda.

Ke kina goye a lokacin, don haka abin da kika sani ji kika yi. Ni shekarata tara, kuma da idona na gani. A lokacin farin da aka yi a waccan shekarar, Baba ya yi cacar baki da maƙwabcinmu Tomash a kan rijiyar ruwan sama, har ya dafa bindigar da ke ɗamararsa a gaban jama'a. Bayan kwana biyu aka tsinci Tomash a gefen rijiyar da harsashi a ƙirji. Baba na shigowa gida, Inna ta zare bindigar daga ɗamararsa tun bai zauna ba, ta ɓoye ta. Da 'yan sanda suka zo, cewa ya yi bindigar ta suɓuce masa ta faɗa wani rami a kan dutse. Kwana tara suka riƙe shi, suka sake shi don rashin hujja. Har ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa cewa ya yi ko bai yi ba. Shekara sittin da uku ke nan Vidak ɗan Tomash bai amsa gaisuwata ba, ni kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Ga abin da na yanke. Zan kai ta garin Nikshic wurin maƙerin bindiga ya buɗe ta. Baba bai sami damar taɓa cikinta ba bayan ranar nan. Idan aka tarar da kwanson harsashin da aka harba, zan yi abin da kakanninmu ke yi idan jini ya hau kan gida: in rataya ta a wuya, in yi rarrafe tun daga bakin shinge har ƙofar Vidak, in roƙi gafara a madadin mahaifinmu.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Mashan

20 ga Mayu

Ƙanwata Gospava,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yara. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Kin ce in jefa bindigar a tafki in bar matattu su huta. Na gode da tausayinki, amma shekara arba'in na yi ina koya wa 'ya'yan mutane cewa ɓoye kuskure ya fi kuskuren muni. Ba zan karya darasina da tsufana ba.

Maƙerin kuwa ashe Obren ne, wanda na taɓa koyarwa a aji biyar, yanzu kansa ya yi fari fat. Da ya ɗago ya gan ni sai ya ajiye magagari ya ce, "A'a, Malam da kansa! Ba kai ka ce wa babana kan nan nawa sai dai a daki ƙarfe da shi ba? To ga ƙarfe ya kawo ka."

Na ce masa ai ban yi ƙarya ba, tunda ga shi yana ci daga ƙarfen.

Ya juya bindigar a hannu, ya yi tsaki. "Wa ya yi mata wannan wulaƙanci? Ko akuya ba a ɗaure ta haka a manta." Na nemi ya sa guduma ya buɗe gidan harsashin nan take. Ya ce, "Malam, yau ni ke da allo, kai zauna. In akwai harsashi a ciki na buga mata guduma, ni da kai sai dai a kwashe mu da tsintsiya. Kananzir za ta sha, sati uku, kullum in ɗan taɓa ta in ji ko ta huce."

Haka na baro ta a cikin kwanon kananzir. Jira ya yi mini nauyi. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: na rufe ƙofa na gwada rarrafen a tsakar ɗaki. Sauka ba wuya, tashin ne sai da na kama ƙafar teburi. Na auna tazarar daga shingen Vidak zuwa ƙofarsa da ido, za ta kai taku talatin, kuma duk tsakuwa ce. Ba tsakuwar ke damuna ba, Gospava. Abin da ke damuna shi ne mutumin da ya koya mini yankan burodi da yin addu'a kafin ci, a ce shi ya bar yaro ɗan shekara goma sha ɗaya babu uba.

Ki sa mu a addu'a.

Yayanki,
Mashan

12 ga Yuni

Ƙanwata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da iyalinki baki ɗaya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma ki kwantar da hankalinki, domin alheri ne.

Shekaranjiya Obren ya aiko a kira ni. Na tarar da bindigar a wargaje a kan farin ƙyalle, azurfar ƙotar ta fito da zanen ganyen inabi da na manta da shi. Ya nuna mini gidan harsashin. Babu kwanso, babu harsashi, babu komai. Kafin in yi magana ya miƙo mini bututun ya ce, "Malam, ɗaga shi saitin taga ka gaya mini me ka hango."

Na ce duhu.

Ya ce, "To, yau ka ci jarrabawa. An cusa mata ƙarfe an narke shi a ciki. Duba nan ƙasa, inda tsatsa ta rufe." Ya ba ni gilashinsa. Hatimin hukuma ne, da shekara a gefensa: 1931. Ya ce ya sha ganin irinta, daga lokacin da aka bi gidaje ana karɓe makamai. Wanda ya nace sai ya riƙe ta gado, sai a toshe ta a buga mata hatimi a ba shi abarsa. Ya ƙara da cewa, "Wannan ko kaza ba ta kashe ba tun kafin a yi auren babanka, sai dai in kwaɗa mata ya yi a ka."

Na zauna a kan akwatin kayan aikinsa. Ban ji kunyar hawayena a gaban ɗalibina ba.

A cikin mota ina komawa gida sauran ya warware mini. Kin san cewa Baba bai taɓa harbi a biki ba, alhali kowane magidanci na harbawa idan an fito da amarya? Inna ta ce ko ranar da aka haife ni, ɗansa namiji na fari, bai harba ba. Cewa ya yi namiji ba ya ɓata harsashi a iska. Shekara da shekaru yana yawo da ita a ɗamara, yana dafa ta idan gardama ta yi zafi, mutane na kauce masa. Da ya miƙa wa 'yan sanda ita, da kallo ɗaya ya wanke shi. Amma kafin yamma da duk ƙauye ya ji cewa bindigar gidanmu matacciya ce. Ya gwammace a yi masa zaton kisa da a yi masa dariya, Inna kuma ta taya shi. Na yi fushi da su har muka wuce gada, daga nan fushin ya gagare ni.

Jiya da hantsi na tafi gidan Vidak, da ƙafafuna, bindigar a hannu. Yana zaune a gindin inabinsa. Da ya ga abin da na riƙo ya yunƙura zai tashi, na ce masa ya dubi cikinta tukuna. Ya ɗaga bututun, ya daɗe yana leƙe, ya sa aka kawo masa tabarau ya karanta shekarar da bakinsa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, daga baya kuma ta koma kukan.

Ya ce, "Kai Malam, wannan sandar ce ta hana ni gaishe ka tun muna da gajeren wando? Tsohon nan naku, Allah ya ji ƙansa, ya raina mana hankali!"

Can ya share fuska ya ce, "To, wa ya kashe mini uba?" Na ce masa ban sani ba, kuma ba zan yi masa ƙaryar sani ba. Ya ce a shekarunsa ya fi son ya rasa wanda zai tsana da ya ci gaba da tsanar wanda bai yi ba. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa surukarsa ta ɗora gahawa, kofi biyu.

Na gayyace shi bikin da muke yi duk shekara a watan Disamba don tunawa da waliyyin gidanmu. Ya ce zai zo, da sharaɗin shi zai ba baƙi labarin bindigar, domin a cewarsa ni malami ne, zan ɓata shi da wa'azi. Na amince. Ƙauye zai yi wa Baba dariyar da ya guje wa duk rayuwarsa, kuma ina ganin zai iya ɗaukarta yanzu.

Ki yi ƙoƙari ki zo, ko da ƙugun zai yi ƙorafi. Vidak ya tambaye ki da sunanki.

Ki huta lafiya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanki mai ƙaunarki,
Mashan