Tsumma a Babban Yatsa

Litinin, 3 ga Maris, 1997

Rediyon nan mai kaset zan gaya wa, shi ba ya kai magana gaba. Yau na yi ɓarna. Yaya Feroza ta shigo da takarda da tawada, wai Mokbul mai tuƙa injin ɗaga ƙarfe ya fito takarar shugaban ƙungiyar ma'aikata, yana so matan gidajen kamfani su dangwala kada a rufe wurin ƙera jiragen ruwa. Jaririyata Tuni na kuka, shinkafa na ƙonewa. Na miƙa yatsa don dai ta tafi.

Talata, 4 ga Maris

Tawadar ta ƙi fita. Toka, lemon tsami, kananzir, duk na gwada. An ce takardar hannun manaja za ta, wadda duk ta dangwala mijinta za a fara sallama, a karɓe ɗakin. Shekara biyu ba a ƙera sabon jirgi a garin nan na Khulna ba, dama dalili suke nema. Ina za ni da jaririya?

Na ɗaure yatsan da tsumma. Na ce wa baban Tuni wuƙar gyaran kifi ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Har nono ya ragu.

Asabar, 8 ga Maris

A layin famfo na ga matar Sobhan da tsumma a babban yatsa. Ta bayanta ma haka. Mu tara, kowa na kallon ƙasa. Inna Jobeda ta sauke tulu ta bi mu da ido.

“'Ya'yan nan, kifin bana duk yatsan dama yake ci?”

Ta ɗaga nata, shuɗi fes, ba tsumma. Ta ce in duk layin gidajenmu za su kora, manajan ya zo ya yi waldar jiragen da kansa. Na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gaya wa baban Tuni gaskiya. Wai ya sani tun Talata, ya ga shatin yatsana a gefen gurasarsa. Shi ma ya sa hannu, da biro, shi ya sa ba ya nunawa. Na ce bai ji tsoro ba? Ya ce, “Uwar Tuni, kwana uku ina walda a karkace.”

Laraba, 12 ga Maris

Mokbul ya ci zaɓe. Ya kai yatsu ɗari huɗu ofis, manaja ya ce ba wanda za a sallama kafin damina ta wuce. Bayan nan, oho. Ɗakin dai namu ne tukuna. Tuni ta sha ta ƙoshi.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya Feroza za ta gidajen tsallaken kogi gobe da sabuwar takarda. Matan can tsoro suke ji, ita kuma ba ta iya lallashi ba. Ni ba shiga na yi ba. Tuni kawai zan kai ta sha iska a kwalekwalen da Yaya Feroza za ta hau.